Abin da "haɗin kwana bakwai" ya yi wa fuskata

1/ Na daɗe ina son rubuta zaren nan, kunya ke hana ni. Jiya na ga wata yarinya 'yar aji ɗaya tana alwala a hostal, kumatunta sun yi ja kamar an watsa mata ruwan zafi. Kallo ɗaya na gane, don ni ma na bi ta hanyar. Zaren yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni.

2/ Ni baƙa ce. Ba wankan tarwaɗa ba, baƙa sosai. A gidanmu ni kaɗai na ɗauko Baba, sauran duk hasken Umma suka biyo. Tun ina ƙarama ake ce mani "baƙar gida". Wasa ne, na sani, babu wanda ya ƙi ni. Amma wasan da aka yi shekara 20 ana yi maki, yana samun wurin zama a zuciya.

3/ Ina aji biyu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua aka sa bikin 'yar gwaggona, watan Disamba. Ni ce babbar ƙawa. Da aka turo hoton anko a guruf, wata ta rubuta, "Kalar nan fa sai farare." Kowa ya yi dariya, har ni na tura tawa. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

4/ Akwai wata da nake ganin sitatus ɗinta kullum. Hoton mace kafin ta fara, da hotonta bayan sati ɗaya. "Haɗin kwana bakwai, ba bilicin ba ne, ganyayyaki ne zalla." Na yi mata magana da niyyar tambaya kawai. Kafin la'asar na tura mata naira 12,000, kuɗin abincina da na handawut.

5/ Mai Napep ya kawo mani saƙon a shataletalen Ƙofar Ƙaura, cikin baƙar leda. Man rana, man dare, sabulu, da wani ɗan ruwa wai na gaɓoɓin yatsu. Robobin babu suna, babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da aka zuba, babu ranar lalacewa. Na ga duk wannan da idona. Na dai ƙi tunani a kai.

6/ Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba: man ya yi aiki. Kwana goma kurajen goshina suka ɓace, fuska ta yi sumul, na yi haske. A aji ana ta "ke me kike shafawa ne?" Wani da muka shekara muna zama layi ɗaya bai taɓa gaishe ni ba, ranar har da "Hajiya barka da safiya".

7/ Tarkon ke nan. Da a ce ranar farko yake ƙona mutum, babu wadda za ta koma. Sai ya fara ba ki abin da kika daɗe kina nema tukuna.

8/ Biki ya yi kyau, hotuna sun yi kyau. Cikin Janairu man ya ƙare, na ce shi ke nan, buƙata ta biya. Kwana uku da dainawa fuskata ta fara zafi kamar an shafa barkono. Ta yi ja, ƙananan kuraje suka fito kewaye da baki, fata tana saɓulewa. Ga hunturu ana tsakiyarsa, iska in ta buge ni har hawaye nake.

9/ Na koma wa mai man. Ta ce, "Ai fatarki ce ta saba, dainawar da kika yi ce matsalar, ki ƙara saya." Na saya. Kwana biyu komai ya lafa. Sai na yarda da ita. Roba ta biyu, ta uku, ta huɗu. A lokacin ba haske nake nema ba kuma, tsoron dainawa nake.

10/ Da zafi ya shigo, kun dai san Katsina a Afrilu, rana tana haura digiri 40. Daga ɗakin lakca zuwa bakin get fuskata kamar ana gasa ta. Jijiyoyi kore-kore suka bayyana a kumatuna. Gashi ya fara tsiro mani a haɓa. Nankarwa ta fito a hammata, ni da ban ƙara ƙiba ba. Yatsuna kala biyu. Ƙyasbi ya cika mani wuya.

11/ Na fara sa niƙabi. Mutane suka ɗauka na zama ustaziya, har ana yi mani barka. Ban gyara wa kowa ba. Akwai ranar da ya kamata in tsaya gaban aji in gabatar da aikin rukuninmu, na ce ba ni da lafiya. Makin ya wuce ni, kuma na ja wa mutum biyar raguwar nasu.

12/ A gida ma ɓoyewa nake. In na zo hutun ƙarshen mako sai in cika hoda tun asuba. Umma ta tambaya sau biyu, na ce zafin rana ne.

13/ Ranar Ƙaramar Sallah muka je gaida kakata ta wajen uba, can cikin gari kusa da Gobarau. Kullum in na shiga da tsiya take tarbata, "ga kishiya ta zo ƙwace mani miji". Ranar ta ce in matso. Ta sa hannu ta ɗage niƙabin da kanta, ta daɗe tana kallona.

14/ Ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi kika yi ma huskarki?" Na yi shiru. Ta ce, "Ni na haihi ubanki baƙi ƙirin, ban taɓa jin kunyarshi ba ko rana guda. Ke kunyarshi kike ji?" Wallahi duk ƙunar da man ya yi mani bai kai wannan tambayar ba. A cinyarta na yi kukan da na yi wata huɗu ina riƙewa.

15/ Bayan Sallah Umma ta kai ni Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda muka fi sani da FMC. Na tafi da robobin. Likitar ta juya su, ta ce ba za ta iya rantsuwa kan abin da ke ciki ba sai an gwada a lab, amma alamomin jikina na sitiroyid ne mai ƙarfi. Ta zaunar da ni ta yi mani bayani. Ga abin da na riƙe.

16/ Abubuwa uku aka fi zubawa a irin haɗin nan. Na farko sitiroyid. A jikin kwali za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Magani ne na gaske, likita ke ba da shi na ɗan lokaci don wasu cututtukan fata. Ba man kwalliya ba ne, kuma masu ƙarfin cikinsa ba a yi su don fuska ba.

17/ Yana kwantar da kumburi, shi ya sa kuraje ke ɓacewa da wuri. Amma in an daɗe ana shafawa fata tana yin siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsage, gashi ya tsiro. Yana rage garkuwar fata, sai ƙyasbi da makero su samu fili. In kin daina kwatsam fata ta yi bore. Abin da ya same ni a Janairu ke nan.

18/ Na biyu hydroquinone. Yana hana fata yin sinadarin da ke ba ta launi. Likitoci na amfani da shi ga tabo, na 'yan watanni, da sa ido. In aka yi shekaru ana shafawa yana iya barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu, wanda ke da wuyar fita ƙwarai. Kun san fuskar da nake nufi, duk mun taɓa ganinta a gidan biki.

19/ Na uku sinadarin makuri, wato zaiba. Wannan bai tsaya a fata ba. Yana shiga jini, ya taɓa ƙoda da jijiyoyi, kuma mai ciki ko mai shayarwa tana iya kai wa jaririnta. Ba a ganinsa, ba a jin warinsa. A robar da babu rubutu, ta ina za ki sani?

20/ Kada wata ta ɗauka mu kaɗai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. A 2023 NAFDAC ta ce lamarin bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Wato a kowane layi na hostal akwai mu, ba ma faɗa ne kawai.

21/ In kina ciki yanzu, ga roƙona: kada ki jefar da man yau ki zauna a ɗaki kina jira. Ki ɗauki robar ki je asibiti. Ni sai da aka sauya mani zuwa mai rauni aka riƙa ragewa a hankali, aka ba ni maganin ƙyasbi daban. Naki zai iya bambanta da nawa, shi ya sa ba zan rubuta sunan magani a nan ba.

22/ Kuma ki shirya, sai abin ya ƙara muni kafin ya gyaru. Wata biyun farko na fi da baƙi, fuska dabbare-dabbare. Sau uku ina ɗaukar waya zan kira mai man. Umma ce ta goge lambar da hannunta. Sai da na yi kusan wata takwas kafin in iya fita ba niƙabi ba hoda.

23/ To me nake yi yanzu? Abin zai ba ku dariya don babu wani sirri. Abu uku ne da safe, biyu da dare. Safe: wanke fuska, man da ke riƙe laima, man kare rana. Dare: wanke fuska, mai. Shi ke nan.

24/ Wanki: sau biyu a rana ya isa, da sabulu marar ƙarfi, da tafin hannu. Ba soso ba. Fuska ba tukunyar tuwo ba ce. In kin wanke kika ji fata ta ɗaure tana ƙara kamar faranti, sabulun ya yi maki ƙarfi. Sabulun salo ma yana busar da wasu, balle wanda aka "haɗa". Ki tambayi me aka haɗa a ciki.

25/ Mai: ki shafa jiki na da ɗan danshi, minti biyu zuwa uku bayan wanka, ba sai kin bushe ƙarau ba. Mu masu alwala sau biyar, fuska da hannu da ƙafa suna saurin bushewa. Ina yawo da ƙaramar roba a jaka, in na idar da sallah in ɗan shafa.

26/ A jiki babu abin da ya kai mani man kaɗe, wanda kakata ke saye a kasuwa tun kafin a haife ni. A fuska kuma ya danganta. In fuskarki mai maiƙo ce kina yawan kuraje, mai nauyi zai iya ƙara maki, ki nemi marar nauyi. Abin da ya karɓi ƙawarki ba dole ya karɓe ki ba.

27/ Man kare rana: na daɗe ina cewa "ni baƙa me zan yi da shi". Kuskure ne. Mu baƙaƙe matsalarmu tabo, kurji ɗaya ya bar baƙin wata shida, kuma rana ce ke ƙara dafa shi. Ki nemi mai SPF 30 ko sama. Yana da tsada, na sani. In babu hali, lema da inuwa da jan mayafi kan goshi suna ragewa.

28/ Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ki rage zafin ruwan wanka, ki rage daɗewa a bayi. Leɓe ki sa masa basilin, ki daina lasa, lasar ke ƙara tsaga shi. Faso kuma, ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma da dare, ki goge a hankali, ki shafa basilin ko man kaɗe, ki sa safa ki kwanta. Sati biyu za ki ga bambanci.

29/ Abubuwan da na roƙe ku ku daina sa wa fuska: lemun tsami, makilin, bakin foda, tafarnuwa, da gishiri ko sukari a matsayin abin gurza. Lemun tsami in ya haɗu da rana ƙuna yake yi, ya bar tabon da ya fi kurjin muni. Wai don abu ya fito daga kicin ba shi ke nuna fata za ta ɗauka ba.

30/ Kuraje: ki cire hannunki daga fuskarki. Matsawa ke kawo tabo. Ki riƙa canza rigar filo duk sati, ki wanke hijabin da ke taɓa kumatu da haɓa, ki goge fuskar wayarki. In sun yi yawa ko suna zafi, asibiti. Maganin kuraje na gaskiya yana ɗaukar sati shida zuwa takwas kafin a fara gani.

31/ Ki riƙe wannan lissafin. Fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta. Duk abin da ya canza maki launi cikin kwana bakwai, ba gyara yake ba, magani ne mai ƙarfi aka ɓoye maki sunansa.

32/ Kafin ki sayi kowane mai: akwai jerin abin da ke ciki? Akwai lambar NAFDAC? Akwai ranar lalacewa? Lambar ma ana buga ta jabu, don haka ki tabbatar da ita a wurin NAFDAC. Sabon abu kuma ki fara gwada shi a bayan kunne ko cikin hannu, ki jira kwana biyu.

33/ Masu zuwa gyaran jiki, dilka da halawa da kurkum ba su ne matsala ba, iyayenmu sun yi. Matsalar abin da ake ƙarawa a ciki don amarya ta "fito" cikin sati ɗaya. Ki tambaya. In aka ce maki sirri ne, jikinki ne za a shafa wa sirrin, kina da haƙƙin ki tashi.

34/ Kwalliya. Fandeshan ki saya daidai kalarki, ki gwada a gefen muƙamuƙi, ki fita waje ki duba a hasken rana, ba a fitilar shago ba. Na yi shekaru ina sayen wanda ya fi ni haske, ina fitowa a hoto fuska toka-toka wuya baƙi. Ranar da na sa kalata aka fara tambayata wa ya yi mani kwalliya.

35/ Kada ki kwana da kwalliya, ko ƙarfe ɗaya kika dawo daga dina. Soso da burushi ki wanke duk sati. Maskara in ta wuce wata uku da buɗewa ki yar. Kuma ranar biki, in mai kwalliya za ta yi wa ƙawaye goma da soso ɗaya, ki je da naki. Kwalli da jagira da janbaki ba a aro, ta nan afolo ke zagaye hostal.

36/ Maganar kwalli, na san zan sha suka. Kwallin dutse na gargajiya, mai ƙyalƙyalin nan, yawancinsa akwai dalma a ciki. Dalma ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Ke babba ki nemi mai rajista. Jarirai kuma don Allah a daina sa masu, ƙwaƙwalwarsu take taɓawa.

37/ Lalle: jan lalle na ganye lafiya lau. Baƙin nan da ke kamawa cikin minti ashirin, sau da yawa rinin gashi ne a ciki, mai sinadarin PPD. Wasu yana tashinsu, zanen fulawar ya kumbura ya yi ruwa ya bar tabo. In ya taɓa yi maki ƙaiƙayi sau ɗaya, kada ki sake, karo na biyu ya fi muni.

38/ Gashi. Mu masu rufe kai muna da matsalarmu daban. Kada ki ɗaura ɗankwali ko hijabi a kan jiƙaƙƙen gashi, ga wari ga ƙaiƙayi ga amosani. Ki wanke da yamma ko ranar da ba ki da lakca, ya bushe sosai. Hular ciki ki nemi mai santsi, ta auduga tana shanye mai tana karya gashi.

39/ Kitso in yana hana ki barci, ko kika ga ƙananan kuraje a bakin goshi, ya yi tsauri. Ki ce wa mai kitso ta sassauta, ba rashin kunya ba ne. Ja da ake yi kullum a wuri ɗaya, da ƙananan kitso, da ɗaure acuci tamau, su ke cinye gashin gaba. In aka daɗe, saiwar ta mutu, babu man da zai dawo da shi.

40/ Masu rilaksa: a bar aƙalla sati takwas tsakani, a sa wa sabon tsiro kawai, kada a sosa kai kafin a sa. In ya fara zafi a wanke nan take. Maganar "ki daure ya kama" ita ta bar wa mata da yawa tabo a tsakiyar kai. Taje gashi kuma daga baki ake farawa, yana da ɗan laima, da babban mataji.

41/ Yanzu ina aji huɗu. Kalata ta dawo, baƙata ta da. Amma ba duka ya tafi ba. Jijiyoyin kumatun hagu suna nan in an duba da kyau, nankarwar ma tana nan, likita ta ce dusashewa kawai za ta yi. Na kashe kusan naira 50,000 na sayo abin da zan zauna da shi, ban da kuɗin magani.

42/ Kuma ba zan yi maku ƙaryar cewa na warke a zuciya gaba ɗaya ba. Har yanzu in an ɗauki hoto ina duba ko na fi kowa duhu. Bambancin kawai, yanzu na san tunanin in ya zo, na san inda ya taɓa kai ni.

43/ Ga yayyenmu da ƙannenmu maza, da iyaye, da mu kanmu ƙawaye: masu sayar da man nan ba su suka ƙirƙiro kasuwar ba. "Fara ko mayya ce", "baƙar gida", "kalar nan sai farare". A bakinmu ake fara tallar, su kuɗin kawai suke karɓa. Wadda ta yi maganar anko har yau ba ta san abin da ta jawo ba, kuma na san ba da mugunta ta yi ba.

44/ Yarinyar jiya, na je ɗakinsu da safen nan. Na nuna mata hotunana na watan Afrilun nan da ban taɓa nuna wa kowa ba. Ta buɗe loka ta fito da roba, babu suna babu lamba, kamar tawa. Ta ce, "Anti, bikin yayata saura sati uku, in na daina yanzu ya zan yi?"

45/ Ban da amsar da za ta yi mata daɗi. Na ce mata ranar Litinin ba ni da lakcar safe, in ta yarda zan raka ta asibiti da robar. Ta ce za ta yi tunani. Ita ta ba ni izinin in faɗi wannan, ba suna. Ku sa ta a addu'a.

46/ Ni ba likita ba ce, ɗaliba ce da ta ƙone ta koyi darasi. In akwai likitocin fata da ke karantawa, ku gyara mani inda na yi kuskure. Masu tambayar sunan mai man, ba zan faɗa ba, irinta sun fi a ƙirga, robar za ku gane. In kina da ƙanwa ko ƙawa da kika ga kumatunta sun fara ja, kada ki yi mata dariya, ki tura mata wannan. Allah Ya ba mu lafiya.